Kan sarkin zamanin Turawa: na dillalin intanet, ko na adakar tsofaffi?

Ɗan yayata da ke Jeka-da-fari a Gombe ya kira ni ranar wata Asabar, ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba. "Kawu, abu biyu ne a gabana, kuɗina kuwa na ɗaya ne." Wani dillali a intanet ya turo masa hoton kan sarki guda tara na Sarauniya Biktoriya masu rubutun NORTHERN NIGERIA, jere a kan baƙin kati, sai ɗaukar ido suke yi. A ɗaya gefen kuma akwai wani dattijo a Bolari da jaka guda ta wasiƙun mahaifinsa, tsohon akawun auduga, yana so ya rabu da su kafin gara ta ƙarasa aikinta. Na ce ya ba ni kwana biyu. Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ne ya tsaya a wannan mararraba ba.

Mu fara da kayan dillali. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar nan daga hannun kamfanin Royal Niger, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. Kafin nan kan sarkin Ingila ake mannawa a tashoshin kamfanin, irin su Akassa da Burutu da Lakwajar kanta. A cikin 1900 ɗin aka kawo na Arewa na farko, bugun kamfanin De La Rue na Landan, guda tara: ɗari (wato rabin kwabo), kwabo, kwabo biyu, kwabo biyu da ɗari, kwabo biyar, sisi, sule, sule biyu da sisi, da sule goma. Na kwabbai an buga kan Sarauniya da shunayya, na sulalla da kore. Sarauniyar ta mutu a Janairun 1901, na ɗanta Edwad na Bakwai suka fito a 1902, aka sauya musu takarda a 1905, aka sauya launi a 1910, sai na Joji na Biyar a 1912. Ranar 1 ga Janairu 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, daga nan sunan Arewa ya bar kan sarki. Duka-duka ba su wuce hamsin da 'yan kai ba.

Daɗin wannan hanya ke nan, kuma ba zan rage mata komai ba. Abu ne mai iyaka. Kana iya ɗaukar kundin farashi na Stanley Gibbons, ka ga lambobin a jere, ka riƙa soke wanda ka samu, kana ganin ƙarshen hanya. Ƙananan, musamman ɗari da kwabo na Edwad da Joji, ba su da tsada. Kuma kasuwarsu ta duniya ce: mai tara kan sarki a Jamus ko Kanada ya san su, ya san farashinsu. Guda ɗaya ne kawai ya fi ƙarfin kowa, na fam 25 da aka fitar a 1904. Ba wasiƙar da ta taɓa cin fam 25 a lokacin. Don biyan kuɗin gwamnati aka yi shi, kaɗan ne suka rage, kuma idan ya fito gwanjo maganar dubban fam ake yi. In wani ya ce maka yana da shi a Wunti zai sayar maka da sauƙi, ka gaishe shi da aiki ka wuce.

To amma inda zuma take nan ƙuda ke taruwa. Jabun kan sarki ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi sauƙin ganewa shi ne wanda aka buga gaba ɗayansa daga farko. De La Rue da faranti mai tudu suke bugawa, tawada tana matsuwa zuwa gefen kowane layi, ka sa gilashin ƙara girma ka ga layukan fuskar Sarauniya tsaf, ɗaya bayan ɗaya. Na injin buga takardu na zamani ɗigo-ɗigo ne, kamar an watsa gero. Haƙoran gefe na gaskiya 14 ne a kowace santimita biyu, akwai 'yar ma'auni ta kati da ake gwadawa da ita. Sannan akwai tambarin da ke cikin jikin takardar: ka kifa kan sarkin a kan wani abu baƙi, ko ka ɗaga shi saitin haske, za ka ga kambi da haruffan CA. Na Biktoriya da na Edwad na 1902 kambi ɗaya ne a tsakiya, na 1905 zuwa gaba kambuna ne da yawa a warwatse. Mai jabun ganganci a nan yake faɗuwa.

Masu wayon ba sa wahalar da kansu da takarda, ta gaskiya suke samu. Farantin kan sarki guda De La Rue ke yi wa ƙasashe da yawa aiki da shi, Gambiya da Saliyo da Gwalkwas (Gana ta yau) da mu, sai a buga sunan ƙasa da adadin kuɗi daban a karo na biyu. Don haka mutum zai ɗauki mai arha, ya goge 'yar akwatin kuɗin da ke ƙasa, ya buga babban adadi. Takarda ta gaskiya, haƙora na gaskiya, kambi na nan daram. Uban tafiya a wannan fanni shi ne Jean de Sperati, haifaffen Italiya mazaunin Faransa, wanda ya mutu a 1957. Yakan wanke kan sarki mai arha tas da magunguna, ya bar takardar da hatiminta, ya buga hoton mai tsada a kai. Ya taɓa manyan na Ikko na sule biyu da sisi, sule biyar da sule goma, da na fam guda na Kudancin Nijeriya. Abin ya kai ƙungiyar masu harkar kan sarki ta Ingila, wato BPA, ta saye kayan aikinsa da ragowar hajarsa don ya daina. Abin dariya, yau jabun Sperati shi kansa kayan tarawa ne, da farashinsa.

Wanda ya fi shafar mu 'yan Arewa shi ne jabun hatimi, kuma shi ne ya cije ni. Dalilinsa mai sauƙi ne. Wasiƙa a wancan zamani 'yan kwabbai take ci, saboda haka na sule biyu da sisi ko sule goma da wuya su bi ta gidan waya. Wanda ya bi da gaske, da hatimin gari da kwanan wata, sau da yawa ya fi sabo tsada. Sai masu jabu suka koma sassaƙa hatimi. Akwai wadda ake kira Madam Joseph a Landan, ɗaruruwan hatimai na garuruwan ƙasashen da Ingila ta mallaka aka yi da sunanta, yanzu kayan suna hannun ƙungiyar Royal Philatelic Society ta Landan. Shi ya sa kundin Gibbons ke sa gargaɗi a ƙarƙashin wasu jerin, cewa an san hatimin ƙarya na gari kaza mai kwanan wata kaza. Ga kuma wata dabara. Kan sarkin nan an rubuta POSTAGE & REVENUE a jikinsu, wato na wasiƙa ne kuma na biyan haraji. Wanda aka manna a takardar ciniki aka soke da alƙalami ba shi da daraja sosai, sai a wanke tawadar, a buga hatimi a kan gurbin, ko a shafa sabon danƙo a baya a ce bai taɓa aiki ba.

Wanda na saya ya zo ne cikin ambulan mai kumfa, bayan mako shida ina jira. Biktoriya ce ta sule biyu da sisi, kore da shuɗi, da hatimi zagayayye a tsakiya, BAUCHI ɓaro-ɓaro, shekara 1901. Sunan garinmu ne ya rufe mini ido. Kuɗin da na tura ya isa ragon layya na lokacin. Na ɗauka da rawar jiki na kai wa wani dattijo a Unguwar Jahun da ya yi aikin gidan waya tun kafin 'yancin kai. Ya sa tabarau, ya juya shi da matsefata, bai ce komai ba. Can ya ɗago.

"Ɗana, a makaranta ba a gaya muku shekarar da Nasara suka shigo Bauchi ba?"

Na ce, "Baba, 1902 ce, watan Fabrairu."

"To a 1901 wane Baturen ne ya buɗe gidan waya a nan? Sarki Umaru ne ya ba shi ɗaki?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kan sarkin na gaskiya ne, hatimin ne aka ƙirƙira, kuma wanda ya ƙirƙira bai san tarihin garin ba. Ni da na sani ban tsaya na tuna ba. Dattijon ya nuna mini wani abu kuma: a ƙarƙashin hatimin, in ka karkata shi ga rana, koren ya ɗan koɗe a layi ɗaya, gurbin alƙalamin da aka wanke. Dillalin kuwa da na rubuta masa, shafin nasa ma ya ɓace.

Ka lura, duk gwajin da na lissafa sai abu yana hannunka. Hoton waya ba ya nuna kambin cikin takarda, ba ya nuna danƙon da aka sake shafawa, wanda ake ganewa da taurin bakin haƙora da yadda danƙo ke taruwa a kansu. Maganin wannan a wajen manyan masu saye shi ne takardar shaida daga kwamitin ƙwararru na Royal Philatelic Society ko na BPA. Amma sai an aika kan sarkin Landan, a biya da fam, a jira. Ga mai samun naira, kuɗin shaida kan iya cinye kuɗin abin da ake shaidawa. Mai sule goma na Biktoriya ya cancanci wannan wahala, na kwabo biyar bai cancanta ba.

Sai yanayi, wanda dillalin Turai ba zai taɓa yi maka maganarsa ba. Darajar sabon kan sarki rabinta a bayansa take, a danƙo. Watan Agusta a Bauchi, lokacin da gishiri ke jiƙewa a kwano, danƙon nan yana laushi ya manne da shafi, ko ya fitar da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar tsatsa. Hunturu ya zo ya busar da shi, kan sarkin ya nannaɗe kamar ganyen mangwaro, danƙon ya tsattsage. Abin da ya yi shekara ɗari lafiya a akwati a Ingila, damina uku a ɗakinka sai ya koma rabin kuɗinsa. Ana iya karewa, da akwati mai rufuwa ruf da 'yan ƙulle-ƙullen tsotse laima irin na cikin kwalin takalmi, ana shanya su lokaci-lokaci. Aiki ne na kullum, ba na ranar da ka tuna ba.

Yanzu jakar dattijon Bolari. Gaskiya ɗaya tun farko: da wuya ka samu Biktoriya a ciki. Wasiƙun Arewa na 1900 zuwa 1913 yawancinsu Turawa ne suka rubuta zuwa gida, can suka tafi, can suke. Abin da ke adakar mutanenmu na Joji na Shida ne, daga 1938, da na Sarauniya Elizabet daga 1953, jefi-jefi na Joji na Biyar. In ka cire su ɗai-ɗai ka duba kundi, yawancinsu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, don miliyoyi aka buga. Mai neman abin da zai juya ya ci riba a wata shida, wannan ba gonarsa ba ce.

Amma arhar nan ita ce garkuwarsu. Ba mai ɓata dare yana sassaƙa hatimi don kan sarkin kwabo. Kuma su ne masu hotonmu. Jerin 1936 akwai injin gurzar auduga a na kwabo huɗu, hasumiyar ƙasa a na sisi, shanun Fulani a na sule, Kwara a Jebba a na sule goma. Bugun ƙarfe ne mai zurfi, ka shafa a hankali ka ji tudun tawada. Na 1953 akwai mahayan Barno a na kwabo, gyaɗa a na ahu (kwabo da ɗari), kuza a na kwabo biyu, gadar Jebba a na taro (kwabo uku), fatu da ƙiraga a na sule goma. A 1959, da Arewa ta sami mulkin kai, aka fitar da zauren Lugga na Kaduna a na taro da masallacin Kano a na sule. In ka jera su, kai ka ce lissafin abin da Bature ya zo nema ne aka zana.

Babban abin shi ne ambulan ɗin kanta. Kan sarki shi kaɗai bebe ne, amma a kan ambulan yana da shaidu. Hatimin gaskiya yana farawa a kan kan sarki ya gangaro kan takarda ba tare da ya karye ba. In zagayen ya tsaya cak a bakin haƙora, an manna shi ne daga baya. Ka juya baya ka ga hatiman hanya, kowane da ranarsa, kuma dole ranakun su bi juna yadda tafiya za ta yiwu. A nan ne ɗan gari ya fi Baturen Landan. Kai ka san jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba sai 1961, Gombe 1963, Maiduguri 1964, don haka wasiƙar zamanin Turawa ta mota ta bi zuwa Jos. Ka san ƙaramin jirgin da ake kira na Bauchi, wanda aka rufe a 1957, daga Zariya ya tashi ya nufi Jos da Bukuru, bai taɓa ganin ganuwar Bauchi ba. Ka san sarautar Gombe ta bar Gombe Abba ta koma Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, don haka in ka ci karo da hatimin Nafada na waɗannan shekaru ka san abin da ka riƙe. Ka san biro bai shigo kasuwa ba sai bayan yaƙin Hitila, adireshi da biro a ambulan ta 1925 ƙarya ce tsagwaronta. Kuma mai jakar yana zaune a gabanka, kana iya tambayarsa wane ne wannan Malam da ke rubuto wa mahaifinsa daga Kumo kowane wata.

A irin jakunkunan nan ne ake samun abin da kundi ba ya iya sa wa farashi daidai: hatimin ƙaramin gari da ba a cika gani ba, wasiƙar rajista da lambarta, ta sojan da ya tafi yaƙin ƙasar Bama da tambarin mai tace wasiƙu, ambulan mai adireshi da boko a gaba da ajami a ciki. Masu nazarin tarihin gidan waya, irin 'yan ƙungiyar West Africa Study Circle ta Ingila masu mujallar Cameo, abin da suke nema ke nan, don na manyan birane sun ishe su.

Haɗarin wannan hanya ba ɗan damfara ba ne, mai son taimako ne. Adakar kakana, wanda ya yi akawu a En'e, ta daɗe a ɗakin Goggo a Kobi. Da ta ji ina tara kan sarki, sai ta sa jikokinta suka yayyage kusurwar kowace ambulan, suka jiƙa a kwanon sha, suka shanya a faifai. Ta miƙo mini a ƙullin leda tana murna: "Ga su nan, na raba maka su da dattin." Me zan ce? Na yi godiya. Ruwan kwanon ya koma shunayya-shunayya, don De La Rue da gangan suke sa tawada mai zuba a kore da shunayya, saboda kada a wanke hatimi a sake amfani. Guda uku na Joji na Biyar sun koɗe kamar tsohon zane. Ambulan arba'in da wani abu, da ranakunsu da garuruwansu, an hura wuta da su. Tun daga ranar, duk gidan da na shiga, maganata ta farko ita ce kada a cire komai, kada a jiƙa komai.

Akwai kuma abin da bai kamata ka saya ba ko an yi maka tayi. Takardar cinikin gida ko gona mai kan sarki da sa hannu a kansa hujja ce, wata rana magada za su neme ta a gaban alƙali. Ka ɗauki hoto ka bar musu abinsu. Takardar da ke da lambar fayil ta gwamnati, wadda ka ga alamar daga ɗakin adana tarihi ta fito, kayan sata ne. Wasiƙa kuma sirri ce. In ka karanta ka ga maganar aure ko bashi ko rigimar gado, ka mayar wa iyalin takardar ciki, ka riƙe ambulan.

Saboda haka na ce wa ɗan yayata: wanda ke da kuɗin waje, yana da mai karɓar masa kaya a Ingila, zai saya daga gidan gwanjo sananne mai karɓar kaya in an mayar, kuma zai biya kuɗin shaida a kan duk mai tsada, ya bi jerin Arewa, zai ji daɗinsa. Ko shi ɗin ma ya fara da ƙananan masu arha ya koyi yadda na gaskiya yake a ido da hannu, ya ɗauki waɗanda aka buga wa SPECIMEN in ya samu, wato samfurin da ake aika wa hukumar gidajen waya ta duniya a Bern, da sanin cewa shi ma wannan rubutu ana yin jabunsa. Amma ɗalibi mai tara kuɗi da kyar, wanda bai taɓa riƙe Biktoriya ta gaskiya ba, ya tura kuɗinsa ga mutumin da bai san fuskarsa ba a kan hoto guda, wannan sayen kifi a ruwa ne. Na ce ya je Bolari da goro, ya zauna, ya ƙirga, ya ware na iyali, ya biya dattijon abin da ba zai ji kunya ba in ya gane darajarsu gobe. Canjin da ya rage ya sayi gilashin ƙara girma, da matsefata marar kaifi, da ma'aunin haƙora.

Bayan mako biyu ya turo mini hotuna. Ambulan 63 ne, gara ta ci kusurwar goma sha ɗaya. Yawancinsu mahayan Barno ne da gyaɗa. Guda ɗaya ta rajista ce daga Jos, 1954, da hatimai uku a baya, ɗayan ya dushe ba ya karantuwa sosai. Ya rubuto a ƙasa: "Kawu, na tsakiyar nan Bauchi ne ko Bukuru?" Na ce ya kawo ta da kansa ran Juma'a, a cikin littafi mai kauri, kada ya naɗe.